Yadda Muka Je Lyon Ɗauko Ƴar Abdu

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A asibiti ungozomomi ƴan uwana sun tsare ni, a gidan suna an tsare ni, har mai kawo mini nono sai da ta sauke ƙwarya ta ce, "Rabi, wai da gaske ne Nasara sun ba ku ƴa?" Na gaji da fara labari a kira ni ɗakin haihuwa in yanke shi a tsakiya. To ga shi nan daga tushe, wadda ta sake tambayata in miƙa mata takarda ta karanta da kanta.

Abdu ƙanena ne, autan Innarmu. Ya tafi Faransa karatu, ya gama, ya samu aiki a wani ƙaton sito a gefen Lyon, ya auri Mariyama, ƴar garin Tawa da suka yi karatu tare. Mariyama ta rasu wajen haihuwar fari, ni da na yi shekara ashirin ina karɓar haihuwar matan mutane ina nan Damagaram ban san abin da ake ciki ba. Abdu ya riƙe ƴarsa shi kaɗai shekara uku, sannan ciwon ƴan kwanaki ya ɗauke shi, aka binne shi can. Hukuma ta ba da riƙon yarinyar ga wata Baturiya, Madam Odil, wadda da ma ita ke renonta da rana in ya tafi aiki.

Da a gida abin ya faru, ranar addu'ar bakwai wani dattijo zai ce, "Rabi, ɗauki ƴar ƙanenki," magana ta ƙare. Can kuwa shekara ɗaya da rabi muka yi muna aika takardu. Takardar aure, takardar aiki, yardar dangin Mariyama, hoton ɗakin da za ta kwana, har da shaidar likita cewa ni da Malam hankalinmu ɗaya. Malam maigidana ne, malamin makaranta, kuma ya ce wannan ta ƙarshe shi ma ya daɗe yana son ganin sakamakon tawa. Sun so su rubuta ta a matsayin ƴar cikinmu da sunan Malam, muka ce a'a, ba a cire wa yaro sunan ubansa, riƙo muke nema. Daga ƙarshe wasiƙa ta zo: mu je mu yi mako uku muna ganin yarinyar a gaban ma'aikaciyarsu, sannan alƙalin yara ya yanke ko a ba mu ko a hana.

Sunan Innarmu Abdu ya sa wa ƴar, don haka ba za ku ga sunan a takardar nan ba. Ranar da za mu tashi Inna ta kama hannuna a bakin ɗakinta ta ce, "Ban ga gawarsa ba. Ku kawo mini abin da ya bari in gani kafin in bi shi." Na ce mata "to".

Bas muka hau zuwa Yamai, yini guda cur a zaune, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga Yamai jirgi ya kai mu Kasablanka, muka yi ta jira, wani ya kwashe mu zuwa Paris. Ɗan sandan kan iyaka ya juya fasfo ɗina, ya dube ni, ya tambayi abin da ya kawo mu. Na zaro masa dosiyenmu, tarin takardu mai kaurin bulo. Ya ɗaga shafi biyu ya mayar mini da sauri ya buga hatimi.

Matsalar a wurin kaya ta fito. Muna tura akwatuna sai wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna daidai jakar Malam, ya ƙi tashi. Malam ya ja babbar rigarsa yana "a'uzu billahi". Aka buɗe jaka, ga kilishi ƙunshi uku, wanda ya je da kansa wurin mai kilishinsa ya tsaya a kai aka yi, tsarabar masu masauki. Ma'aikacin ya ce nama ba ya shiga ƙasar. Malam ya ce ai wannan ya bushe, ya daina zama nama tuni. Da ya ga ba ta ɓullewa sai ya ɓallo gefe ya miƙa masa ya ce, "To ɗanɗana dai, ka san abin da za ka zubar." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin ya yi dariya, amma bai ɗanɗana ba, kilishi kuma ya tafi. Kuka da yaji da dabino ne suka tsira.

Alhaji Mamman ne ya tarbe mu, ɗan ajinsu Malam tun lakkol, yanzu yana aiki a wata hukumar ƙasa da ƙasa. Malam ya gyara tsayuwa zai fara gaisuwa tiryan-tiryan, ina gida, ina iyali, ina gajiya, Alhaji ya fizgi akwati ya ce, "Malam, a nan a tafe ake gaisawa, jirgin ƙasa ba ya jiran lafiya lau." Haka muka bi shi da sassarfa ana amsa gaisuwa ta ƙeya. A ƙofar shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, hannun babbar rigar Malam ya maƙale, ƙofa ta rufe, shi yana ciki rigarsa tana waje, mutane sun yi layi a bayansa suna hura hanci. Ni kuma da na shiga taragon na yi sallama na ƙara da bonjur, ko mutum ɗaya bai ɗago ba. Na ce wa Alhaji ko rasuwa aka yi musu. Ya ce haka suke kullum, kuma ba fushi ba ne.

Kwana biyu muka yi a gidansa. Hajiyarsa ta tuƙa mana tuwon garin alkama da miyar kukar da muka kawo, ta ci tana lumshe ido. Dogon ƙarfen nan da kowa ke tambayata, na gan shi ta tagar mota. Dogo ne, ƙarfe ne, ban hau ba. Hankalina yana Lyon.

Jirgin ƙasan Lyon awa biyu ya yi. Malam ya duba taswira ya ce tafiyar ta kai daga Damagaram zuwa Ƙonni, ya yi ta girgiza kai. Na kwance dabino na miƙa wa wani tsoho da ke kusa da ni, don ba zan iya ci mutum yana kallo ba. Ya ɗauki guda, ya ce na gode har sau uku, kamar na ba shi rago.

A Lyon ƙungiyar ƴan Nijar ta sama mana masauki wurin Nana, wata ƴar Maraɗi da ke bincike a jami'a kan ruwan sha. Bayan rasuwar Abdu ta zo garin, ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta bar mana ɗakinta da gadonta ta koma kwana a kujerar falo har mako uku. Gidan yana Vénissieux, cikin dogayen benayen Minguettes, hawa na goma sha biyu. Hausarta rabi da rabi ce da faransanci, sai ta fara da "Tanti" ta ƙare da "ko ba haka ba". Na baro zafin bazara a gida, na tarar da ruwa da sanyi, ta ara mini wata rigar sanyi mai kumburi, na ɗora a kan atamfa na zama kamar buhun auduga. Ranar da asansar, na'urar hawa bene, ya lalace kuwa, mu da hawa goma sha biyu a ƙafa, Malam ya huta sau huɗu yana cewa addu'a yake yi.

Washegarin zuwanmu Nana ta kai mu kabarin Abdu. A gida mace ba ta shiga maƙabarta, amma nan na shiga, ban tambayi kowa ba. Ɓangaren Musulmi daban yake, ga sunansa a jikin dutse, ga furanni sabbi an ajiye. Mai gadin ya ce wata Baturiya ce ke zuwa da ƴar ƙaramar yarinya kowane wata. Malam ya yi addu'a, ni na tsuguna na yi kukan da na riƙe shekara ɗaya da rabi. Daga nan Nana ta ja mu Guillotière don in sake, unguwar da ake samun kuɓewa busasshiya da daddawa har da goro, ga mahauta Larabawa, ga Hausa tana tashi a bakin wani shago. Na sayi man kitso da mataji, da niyya.

Ranar gani ta farko a ofis aka yi, wani ɗaki mai kayan wasa da ƙananan kujeru. Ma'aikaciyar, Madam Karin, tana gefe da littafi da biro. Aka buɗe ƙofa, Madam Odil ta shigo, mace mai shekara sittin da ɗoriya, gajeren gashi fari, mijinta ya rasu. Tana riƙe da hannun yarinya ƴar shekara huɗu da rabi. Goshin Abdu, kunnen Abdu, har yadda take karkata kai. An tattara gashin an ɗaure gida biyu, ba laifi dai, amma yatsuna sai da suka yi ƙaiƙayi.

Na durƙusa na miƙa hannu na ce, "Inna, zo."

Yarinya ta sandare. Ƴar tsanar da ke hannunta ta faɗi. Ta dube ni ido waje, sai ta kwasa da gudu ta shige ƙarƙashin tebur ta tsala ihu. Madam Odil ta bi ta ciki da rarrafe, ni ina durƙushe da hannu a miƙe kamar mai roƙo. Na ji ƙarar biron Madam Karin a kan takarda.

Gani na biyu da na uku da na huɗu ba ihu, amma ba ta rabu da bayan Madam Odil ba. Sai dai ta leƙo ta kafa mini ido. Ni kuma tsoron in sake firgita ta ya sa na kame a kujera da hannu a cinya, sai "zo mana", sai "ga alewa". Bayan na huɗun Madam Karin ta ce mu tsaya.

Ta ce, "Madam, sau huɗu ke nan ba ki kira sunan yarinyar nan ba ko sau ɗaya. Ranar farko kin kira ta da wani suna daban, kin ga abin da ya faru. Ba ki rungume ta ba, ba ki sumbace ta ba. Me ya sa?"

Na yi mata bayani iyakar faransancina. Na ce sunan uwata ne, bakina bai taɓa faɗarsa ba tun da na yi wayo, kuma duk wadda aka sa wa sunan uwa Inna ake ce mata ko Ummi, girmamawa ce. Na ce a wurinmu son yaro ba a lashe-lashen fuska ake nuna shi ba. Ta saurare ni tsaf, ba ta raina ni ba, wannan zan faɗa.

Ta ce, "Na gane al'ada ce. Amma ita yarinyar ba ta san al'adarku ba. Madam Odil ta shaida mini tana kuka bayan kowace ziyara. Ni abin da na gani zan rubuta wa alƙali, kuma in haka aka ci gaba zan ba da shawara ta zauna inda take."

Ban san yadda muka hau tiram, jirgin cikin gari, muka koma gida ba. Nana ta dafa shinkafa na kasa ci. Ta ce, "Tanti, ki faɗi sunan kawai, sau ɗaya, a gabanta. Se tu, shi ke nan." Malam ya gyara zama ya shiga fatawa, ya ce ba haram ba ne, kunya ce kawai, kuma lalura ce ta kawo.

Na ce, "To madalla. Kai ka faɗa mana, tun da kai ne malami."

Ya zaro ido ya ce, "Ni? Sunan surukata? Haba Rabi, ki ji tsoron Allah."

Nana ta yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na dara, daga nan dariyar ta juye kuka. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, Inna ce. Ta ce yaushe za mu taho da takwararta. Na ce saura kaɗan. Ta ce ta sa an yi wa ɗakin sabon daɓe. Na ce Allah ya saka, na kashe wayar da sauri kafin ta ji muryata.

Na shiga banɗaki na kulle na tsaya gaban madubi ina gwadawa. Harafin farko yana fitowa, sauran sai ya tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. A gani na biyar na yi ɗamara, na buɗe baki, kowa ya yi tsit yana jira, abin da ya fito shi ne, "Ke yarinya." Madam Karin ta sunkuyar da kai ta yi rubutu. Ranar na tabbata mun rasa ta, kuma ni na jawo da bakina.

Muna fita Madam Odil ta biyo mu bakin ƙofa ta ce mu zo gidanta ranar Lahadi cin abincin rana, ta nemi izini an ba ta. Muka hau metro da bas har Vaulx-en-Velin. Gida ƙarami, tsaf-tsaf, zanen yarinyar manne ko'ina a bango, hoton Abdu a kan kantar falo. Ta gasa kaza, ta kawo takardar Balaraben mahauci ta nuna wa Malam don ya san yankan Musulmi ne. Bayan kaza ta kawo wata cuku mai wari, Malam ya ci don kunya, idonsa yana ruwa yana cewa tana da daɗi, ta ƙara masa. Yarinyar tana can ƙarshen tebur tana kallona ta saman kofi.

Na tashi taya ta wanke kwanoni, ta ce baƙo ba ya wanki, na ce a wurinmu mace ba ta zama wata tana aiki. Muna tsaye ni ina wankewa ita tana gogewa, sai ta rufe famfo ta ce, "Madam Rabi, ban faɗa wa Karin gaskiya duka ba."

Na tsaya da kumfa a hannu.

Ta ce, "Kukan gaskiya ne, tana yi. Amma ba tsoronki take ji ba. Sunan nan da kika kira ta, ubanta kaɗai ke kiranta da shi. In ya zo ɗaukarta da yamma tun daga matakala yake kwaɗa shi. Tun da ya rasu ba wanda ya sake faɗa. Ranar farko da muka dawo gida ta ɗauko hotonsa ta ce mini, yaya aka yi matar nan ta san sunana na Papa? Kullum da safe sai ta tambaye ni ko yau za mu je wurinki."

Innalillahi! Ni kaina bai taɓa kawo wannan ba. Na san Abdu ba zai faɗi sunan Inna ba, amma na ɗauka yarinyar da aka bari tana shekara uku ta manta komi.

Madam Odil ta ce, "Da Karin ta tambaye ni, na ce tana kuka, na yi shiru a nan. Na san in na yi shiru za a bar mini ita. Tun tana wata uku take hannuna. Kwana goma sha biyu ina shirun nan."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara taso mini fushi ne. Kwana goma sha biyu ba na ci ba na barci, ina yi wa tsohuwa ƙarya a waya. Na juyo zan yi magana sai na ga tana ta goge faranti ɗaya da ya daɗe da bushewa. Na ce, "To me ya sa kika faɗa yanzu?"

Ta ce, "Jiya ta tambaye ni ko ke kin san Papa lokacin da yake ƙarami. Ni shekara uku kawai na san shi, kuma na ba ta su duka, sun ƙare. Ku kuna da sauran."

Na kama hannunta da jiƙaƙƙen hannuna muka tsaya haka. Na sha tambayar kaina tun ranar, da ni ce a matsayinta, na reni ƴa shekara huɗu, shiru kawai ake nema daga gare ni in riƙe ta, zan buɗe baki? Wallahi ban sani ba.

Da muka koma falo Madam Odil ta raɗa wa yarinyar wani abu a kunne. Ta sauko daga kujera ta tako a hankali ta tsaya nesa kaɗan da ni, ta ce, "Kin san Papa yana ƙarami?" Na ce ni na goya shi. Na ba ta labarin ranar da zakaran maƙwabta ya kore shi ya haye turmi yana ihu, wandonsa ya zame. Ta ce Papa ba ya tsoron komi. Na ce ban da zakara. Ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar Abdu sak, ta ce in sake. Na sake sau uku. A na ukun tana zaune tsakanin ƙafafuna, na zaro mataji da man da na sayo a Guillotière, Madam Odil ta jawo kujera tana kallon yadda ake tsaga.

Litinin da safe da ƙafarta ta je ofis ta faɗa wa Madam Karin komi, ta san kuma hakan zai iya ɓata mata suna a wurin aikinta. Madam Karin ta zo sauran ziyarar ta gani da idonta, ta sake rahoto, har ta ce mini ta koyi abu. Ranar shiga gaban alƙali na tarar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Ina magana kaina a ƙasa don ladabi, Malam ya zungure ni ya ce in dube ta cikin ido, a nan sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce. Ta gana da yarinyar ita kaɗai, ta saurari Madam Odil, sannan ta tambaye ni ko zan bar su su riƙa magana in mun koma. Na ce a wurinmu wadda ta reni yaro uwarsa ce, ba mai raba su. Ta sa hannu. Malam ya saki wata alhamdu lillahi da sai da mai gadin ƙofa ya leƙo.

Madam Odil ta haɗa mata akwati biyu, ta ba ni wani ɗan littafi da ta cika da rubutun hannu: abin da take ci, abin da ba ta ci, maganin da ke sa mata ƙuraje, waƙar da ake yi mata in ta tsorata. Ta raka mu tasha. Ba ta yi kuka ba, ta tsuguna ta gyara mata wuyan riga, ta sumbace ta, ta miƙe ta juya ta tafi ba waiwaye. Yarinyar ce ta yi kukan, tun daga Lyon har Paris, tana dukan taga tana kiran Odil. Kada wanda ya ce muku daɗi zalla muka kwaso. Na rungume ta a gaban Nasara cike da tarago, kunya ta tafi inda za ta.

Mun iso Damagaram da la'asar. Gida cike da mutane, maƙwabta har kan katanga, yarinya ta maƙale a zanena tana kallon awaki. Inna tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Ba ta taso ba, ba ta yi guɗa ba. Ta ce kowa ya matsa, a bar ta ta tako da kanta. Yarinyar ta taka daga zaure zuwa tabarma, Inna tana kallon ƙafafunta. Da ta iso Inna ta shafa kanta da kunnenta, ta juyar da fuska wajen bango, kafaɗunta suna motsi. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Da ta natsu na ba ta labarin Madam Odil duka, har da shirun kwana goma sha biyu. Ta ce in kira mata matar yanzu. Na ce, "Inna, ai ba ta jin Hausa." Ta ce, "Ke mene ne amfaninki?" Na kira, na sa a amsa-kuwwa. Inna ta riƙe wayar da hannu biyu ta yi mata gaisuwa cikakkiya, ina gida, ina gajiya, ina kewa, ina fassarawa, Madam Odil tana amsawa da mersi. Ta yi mata addu'a doguwa. Sannan ta ce:

"Ki gaya mata na san abin da ta yi. Ni ma na taɓa raka ɗa tasha, bai dawo ba. Ki ce mata wannan za ta dawo ta gan ta, ko ina raye ko ba na raye, na bar wasiyya."

Na buɗe baki in fassara, murya ta ƙi fitowa. Malam ne ya karɓi wayar ya faɗa mata.